Me ke cinye katin wuta a gidajenmu?

Jama'a masu saurarenmu, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau kan kuɗin wutar lantarki ne, ƙorafin da za ka ji a bakin magidanta a birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Sabuwar Unguwa: an sa kati ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ta zagayo mita ta fara kuka.

Lissafi ya sauya tun watan Afrilun 2024, lokacin da NERC, hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, ta ɗaga farashin yunit ɗaya ga 'yan rukunin Band A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225, kafin daga baya a ɗan sassauto da shi zuwa naira 200 da 'yan kai. Su ne aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. Sauran rukunai ba a taɓa su a lokacin ba, amma wutar tasu ba ta wadata, janareton da ake komawa gare shi kuwa ya zama sai wane da wane tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023.

Farashi ya sauya, halinmu dai na zamanin NEPA ne, lokacin da ko ka sha da yawa ko kaɗan takardar wata ɗaya za a kawo maka. Shi ya sa har yau za ka bi lungu da hantsi ka tarar da ƙwan ƙofar gida yana ci, rana na dukansa. To a yi lissafi. Tsohon ƙwai mai wat 60, in ya kwana yana ci awa 12 kullum, a wata ya haura yunit 21, wato sama da naira 4,000 a farashin Band A. Ƙwan LED mai wat 9 zai ba da hasken da ya kai wannan, kuɗinsa a wata bai kai naira 700 ba.

Amma ba ƙwai ne babban ɓarawon ba. Duk abin da aikinsa yin zafi ne, shi ke lashe kati: hita, dutsen guga, butar lantarki da murhun lantarki. Sau da yawa maigida zai shigo yana faɗa wai yara sun cika cajin waya, alhali ga hita can a bokiti bayan ɗaki, ruwa ya tafasa tun ɗazu yana ta tururi, wanda ya sa ta ya tafi shago. Hita mai wat 1,500 a awa ɗaya takan ci abin da ƙwan LED zai ci cikin kusan mako guda, dare da rana. Cajar waya kuwa ko a lissafi ba ta isa a sa ta ba. Kuma a hunturu, da ake rububin ruwan zafi, hitar ce ake mantawa a jone in an ɗauke wuta, a dawo da ita tsakar dare ruwa ya ƙone, roba ta narke, sai dai a ji ana salati. Nan Katsina da Allah ya hore mana rana, jarka baƙa da aka ajiye a tsakar gida tun safe ta isa wankan yamma.

Guga a tara a yi sau ɗaya a mako. Firiza kuma a duba robar bakin ƙofarta, in ta saki injin ba ya hutawa, sannan kada a cusa mata tukunyar miya da zafinta.

Sai bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ba wanda zai ce wa mai iyali ya kashe fanka. Ai fanka ba ta da laifi, abin da na'urar sanyaya ɗaki ke sha ya ninka nata fiye da sau goma. Matsalar tana ginin ne. Iyayenmu na cikin birni sun yi soro da azara da katanga mai kauri, ɗaki ya wuni da sanyinsa. Mu kuma muka koma bulo da kwano, wani ko silin babu, taga ɗaya ƙarama, sannan mu sayi sanyi da kuɗi. Mai shirin gini ya sa silin da tagogi masu fuskantar juna, ya dasa darbejiya ta yamma da ɗakin.

Duk wannan bayani mai mita yake amfana. Wanda ake kawo wa bil na ƙiyasi, ko ya kwana a duhu takardarsa ba za ta ragu ba, don haka ba shi da dalilin tattali. Nan ne nauyi ya hau kan KEDCO, mai raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, da ita kanta NERC, su gaggauta wadata jama'a da mita. A gidajen haya kuma, inda ɗaki shida ke kan mita ɗaya, raba kuɗi daidai wa daida zalunci ne ga mai ƙwai ɗaya da fanka, in maƙwabcinsa na sayar da ƙanƙara. Masu gidaje su sa wa kowane ɗaki ƙaramar mita tasa, ko a zauna a ƙirga kayan wutar kowa kafin a yanka masa kasonsa.