Ɗan'uwanmu na kwance a asibiti da sunan wani

Ma'aji, ajiye littafin tukuna, za mu zo kansa. Na san rahoton wata uku ne a farkon tsarin da aka aika muku, amma daga asibiti nake, warin magani ma bai bar rigata ba, kuma ba zan iya tsayawa ina karanta muku kuɗin hayar zaure ba alhali abin da na gano yana ci mini rai.

Yaron nan namu, kun san shi, ba sai na kama suna ba. Yau kwana goma sha ɗaya da ya faɗo daga kan eshafodaj, wato dakalin ƙarfen da magina ke hawa, hawa na biyu, a wani shantiye, wurin aikin gini, da ke arewacin Paris. Ƙugu ya karye, hannun dama ya karye wuri biyu, an sa masa ƙarfe. Da na zauna kusa da gadon, idona ya kai kan ƴar robar nan da suke ɗaura wa majinyaci a wuyan hannu, sai na ga suna ba nasa ba. Sunan mutumin da ya ara masa takardun aiki ne. Ma'aikaciyar jinya ta shigo ta kira shi da wannan suna, ya amsa, sannan ya dube ni ya sunkuyar da kai. Yaron da ubansa ya yanka rago a unguwar Bagalam ta Maradi ya raɗa masa suna, dangi suka taru aka yi addu'a, yau ga shi a ƙasar mutane, ko ciwonsa da sunan wani aka rubuta shi. Wallahi da na fito sai da na tsaya a bakin ƙofa na share hawaye.

Kuma ba wai bai iya komai ba ne. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake bin maigidansa gini a unguwar Zariya, can Maradi, daga kwaɓa siminti har ya kai ga riƙe cokalin gini. Na ga aikinsa da idona a nan. In ya ja igiya ya jera bulo, ɗora ma'auni a kai ɓata lokaci ne, bangon tsaye yake cak. Mai kamfanin da yake yi wa aiki ya san haka, shi ya sa ko ranar Asabar wayarsa ba ta hutawa. Shekara huɗu yana tashi kafin asuba yana kama jirgin ƙasa na farko, cikin sanyin da ke tsaga leɓe. Albashin yana shiga asusun mai takardu, wancan ya cire nasa kason, ya miƙo masa saura. Ranar da ya faɗo babu ɗamarar tsaro a jikinsa. Abin da shugaban shantiyen ya fara faɗa wa abokan aikinsa shi ne, in an tambaya a ce a matakalar gidansu ya zame.

Ƴan'uwa, mutanen nan suna bukatarmu, ku daina ganin kamar alfarma suke yi mana. Tsofaffin maginansu suna ta yin ritaya, ƴaƴansu kuma ba sa son aikin sanyi da ƙura. Ga layin dogon nan na Grand Paris Express, kilomita 200 da tasha 68, har yanzu ana haƙa ana zubi. Ga tsofaffin gidaje birjik da ake so a gyara don su riƙe ɗumi. Wa zai yi? Kowa a zauren nan ya san kamfanin da ya karɓi kwangila ya rasa mai rufi, ko mai jan waya, ko mai haɗa bututun ruwa, aiki ya tsaya ana jiran mutum ɗaya. Kun tuna Oktoban 2023, lokacin da ma'aikata marasa takardu suka mamaye shantiyen zauren wasannin Olamfik a Porte de la Chapelle suka ce ba za a ci gaba ba sai an dube su? A ranar duniya ta ga hannun su wa ke gina birnin nan. Babban kamfani ya ba ɗan kwangila, ɗan kwangila ya ba wani ɗan kwangila, can a ƙarshen igiyar sai ka tarar da ɗan Maradi, ko ɗan Mali, ko ɗan Gine, yana aiki da sunan da ba nasa ba.

Gwamnatin da kanta ta yarda akwai ƙarancin ma'aikata, tunda ta sa shi cikin doka. Ku saurare ni da kyau a nan, masu hira a baya don Allah, wannan ita ce maganar da ta tara mu. Dokar shige da fice ta 26 ga Janairu 2024 ta buɗe ƙofar samun takardun zama ga wanda ke aiki a sana'o'in da aka rasa masu yi. Sharaɗin shi ne ka shekara 3 a Faransa ba yankewa, kuma cikin wata 24 da suka wuce ka yi aikin albashi na wata 12 a ɗaya daga cikin waɗannan sana'o'i, kana kuma cikin aikin a lokacin da za ka nema. Abin da ya fi faranta mini rai a ciki, kai da kanka za ka kai takardunka prefektir, ofishin gwamnati da ke ba da takardun zama, ba sai maigidanka ya sa hannu ya roƙar maka ba. Da can wannan sa hannun shi ne igiyar da suke riƙe mutane da ita. In an amince, katin zama na shekara ɗaya ne tare da izinin aiki. A watan Mayu na 2025 aka fitar da sabon jerin sana'o'in, kowane yanki da nasa, kuma akwai ayyukan gini a ciki. Saboda haka sunan aikin da aka rubuta a takardar albashinka yana da muhimmanci ƙwarai, dole ya dace da abin da ke jerin yankin da kake aiki.

Amma ƙofar nan ba ta dindindin ba ce. Dokar ta ce 31 ga Disamba 2026 za a rufe. Ɗaya hanyar neman takardun kuwa, tun da takardar umarnin Retailleau, ministan cikin gida na lokacin, ta fito a Janairun 2025, maganar zaman shekara 7 ake yi. Ku lissafa da kanku.

Ba zan ɓoye muku ba, cika sharaɗi ba ya nufin an ba ka. Hukunci yana hannun prefe, shugaban prefektir, ana duba ko kana da laifi a kotu, ana duba zamanka da mutane, kuma wanda aka ƙi yana iya fitowa da takardar umarnin barin ƙasa, wadda yanzu take bin mutum har shekara 3. Don haka kada kowa ya ɗauki jaka ya tafi shi kaɗai saboda wani ya ce masa abin da sauƙi. A fara zuwa wurin masana, La Cimade, ƙungiyar da ke taimakon baƙi, tana nan, ƙungiyoyin ƙwadago irin su CGT suna nan, su duba takardun su ce a kai ko a jira. Kuma ku guji ƴan damfarar da ke karɓar yuro ɗaruruwa wai su sama muku ranar ganawa.

Yaron nan da ke kwance ya cika shekarun zama, ya cika watannin aiki har ya wuce. Me ya hana? Duk takardun albashinsa da sunan wani suke. Akwai takardar da mai kamfani ke rubutawa ya shaida cewa wanda ya yi aiki da suna kaza, ainihinsa wane ne. Da ya zo mana tun bara, da mun raka shi an nema tun yana tsaye da ƙafarsa, lokacin da maigidan ke tsoron rasa shi. Bai zo ba, kunya ta hana shi. Mu kuma ba mu tambaya ba, muna gaisawa a masallaci ranar Juma'a, "ya aiki?", "alhamdu lillahi", kowa ya kama gabansa. Wannan laifinmu ne mu manya, har da ni.

Ku ji wannan kuma ku gaya wa wanda bai zo ba. Haɗari a wurin aiki haɗari ne a wurin aiki, ko kana da takardu ko ba ka da su, doka ta ba ka haƙƙi. Ka sanar da mai kamfani cikin awa 24, shi kuma wajibi ne ya sanar da asusun inshorar lafiya cikin awa 48. In ya ƙi, kai da kanka kana da har shekara 2 ka sanar. Kada wanda ya yarda ya ce a gida ya faɗi. Ka ɗauki hoton shantiyen da wayarka, ka ajiye saƙonnin da ake turo maka na "gobe ƙarfe bakwai a wuri kaza", ka riƙe lambar abokan aikinka. Takardar albashi, takardar likita, shaidar biyan haraji, rasit ɗin tikitin jirgi na wata, a zuba su cikin jaka ɗaya a adana kamar takardar fili.

Yanzu lauya muke bukata, da kuɗin ɗakinsa na wata biyu, da ɗan abin da za a aika wa mahaifiyarsa, domin shi ne ke cika mata rumbu. Na je wurin ma'aji na ce a buɗe asusu, ya nuna mini abin da ke ciki, kunya ta kama ni. Yuro goma a wata, jama'a! Abin da bai kai jaka bakwai na sefa ba! Fiye da rabinmu ba su biya ba tun azumin bara. In rasuwa aka yi, Allah ya kiyaye, kafin magariba an tara kuɗin kai gawa gida. To, mai rai fa? Sai ya mutu za mu san namu ne? Iyayenmu mata da ke wancan gefen, Allah ya saka muku da alheri, ku kaɗai ne ba a bin ku ko wata ɗaya, kuma ku ne kuke kai masa fura da tuwo tun ranar farko.

Akwai wata magana mai ɗaci, dattawa ku yi mini afuwa, sai na faɗe ta. Saboda ƙarancin nan, masu kamfani suna ce wa mutanenmu "ba ka da ƙane? kawo shi". Wasunmu kuma sun mayar da abin sana'a. Ana tura saƙon murya ta WhatsApp zuwa Maradi, ana ce wa yaro aiki na jiransa, kuɗi kamar ƙasa. Ta wace hanya zai zo? Ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024. Ka san sarai hanyar da ta rage ita ce Agadas, sai hamada, sai teku. Ka san yadda ake kwaso mutane daga Aljeriya a zube su cikin rairayi, su taka kilomita 15 kafin su ga Assamaka. In kuma ya tsira ya iso, takardun wani za ka ɗora masa, ka riƙa cin kaso a guminsa. Duk wanda ke haya da takardunsa a cikinmu, ya ji tsoron Allah ya daina. Ya je asibitin nan ya ga abin da ke ɗaure a hannun yaron.

Kuma wa ya ce Maradi ba ta bukatar maginanta? Ranar 30 ga Agusta 2024 da ruwan nan ya sauka, wa ya yi barci a cikinmu? Muna nan riƙe da waya, ana turo mana hotunan gidaje sun zube, an rasa rayuka. Garin da ambaliyar Gulbi ta 1945 ta kora daga kwari ya hau tudu, yau ruwa na bin sa har tudun, saboda magudanai ba su isa ba, gini kuma ana yin sa ba tushe mai ƙwari. Mu da kanmu da muke aika kuɗi a yi mana gida a Ali Ɗan Sofo ko Zariya, in an zo shimfiɗa karo na daɓe ko jan waya mai tsabta, sau nawa ake ce mana sai an jira ɗan Togo ko ɗan Benin ya gama wani aikin? Muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, ni can na koyi lantarki, kuma da abin da malamaina suka zuba mini nake ci har yau a ƙasar nan, ban taɓa jin kunya gaban Bature a kan allon wuta ba. Simintinmu na Malbaza yana nan. Hannu muke da shi, kayan aiki da horo ne suka yi ƙaranci. Ina roƙon taron nan ya amince, duk mai tafiya gida ya ɗauki na'ura ɗaya, ko ta yankan karo, ko ta huda bango, ko ma'aunin wuta, mu damƙa wa masu koyar da yara sana'a. Yaron da ke samun aiki a Maradi yana kwana ɗakin uwarsa ba zai saurari saƙon kowa ba.

Ku kuma da Allah ya ba takardu, kada ku tsufa kuna ɗaukar buhu. Akwai hanyar da ake auna ƙwarewar da mutum ya samu a bakin aiki a ba shi shaida, VAE suke ce mata. Akwai horon AFPA, hukumar koyar da manya sana'a, akwai CACES, shaidar iya tuƙa injinan shantiye, akwai shaidar izinin taɓa wuta. Da takarda a hannu kai ne za ka faɗi kuɗinka. Ƴaƴanmu da aka haifa a nan, wanda karatun boko bai karɓe shi ba, kada a bar shi a gindin bene. Daga shekara 16 yana iya shiga koyon sana'a ana biyansa, ya fito da CAP, takardar shaidar sana'a. Mai haɗa bututun ruwa a garin nan ba ya rasa aiki ko kwana ɗaya.

Rahoto a taƙaice: an biya hayar zaure har ƙarshen shekara, taron sallah ya tashi lafiya, Alkur'anai da tabarmin da muka aika sun isa, sauran bayani na cikin takardar da ke kan tebur, kowa ya ɗauka.

Ga abin da nake so kafin kowa ya fita. Sakatare zai zauna a bakin ƙofa da littafi biyu. Na farko, kowa ya rubuta sana'arsa, magini ne, mai walda ne, mai fenti ne, don in mun ji aiki na halal a kamfanin kirki mu san wa za mu kira. Na biyu ba za a rubuta suna a ciki ba, lambar waya kawai: duk wanda ya san yana aiki da sunan wani, ko ya kai shekara uku ba takardu, ya bar lambarsa, ni zan kira shi da kaina, kuma maganar ba za ta wuce mu biyu ba. Lahadi mai zuwa bayan azahar a zo da jakar takardu, za mu zauna mu jera su wata bayan wata.

Ina bukatar mutum biyu da suka san Faransanci sosai su raka ni wurin lauya ranar Talata, da mutum ɗaya daga shantiyen da zai tsaya ya faɗi gaskiyar inda yaron ya faɗo. Na san akwai wanda ya gani a cikin zauren nan. Ma'aji, buɗe littafin, fara da sunana, ga nawa na wata shida.