Daga wa ka ji? Yadda manhajojin nazarin halittu ke ajiye madogara

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka daga nan Damagaram.

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure, ko a Birni ko a Zango, ya san tambayar nan: daga wa ka ji? Malamanmu ba sa karɓar ruwaya sai da isnadi, wane daga wane daga wane. Kuma idan ka buɗe tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, za ka tarar da ƙananan rubutu a gefen shafi, inda wani malami ya ƙara bayani ya kuma faɗi inda ya samo shi. To yau wannan rubutun gefe za mu duba, amma a cikin kwamfuta, a fannin da ake nazarin ƙwayoyin gado da manhaja.

Ku duba allo. Wannan jerin haruffa ne guda huɗu, A, C, G da T, suna ta maimaituwa. Shi ne DNA, wanda a makarantunmu na Nijar aka fi sani da ADN. Haruffan su kaɗai ba sa gaya maka komai. Sai wani ya zo ya ce: daga harafi na kaza zuwa na kaza ƙwayar gado ce, kuma aikinta kaza. Wannan ƙarin magana shi muke kira bayanin gefe. Misalin da kowa ya sani shi ne amosanin jini, wato sikila. Canjin harafi ɗaya tak ne a ƙwayar gadon HBB, wanda ke sa a samu balin a gurbin gulutamat, wato wani tubalin furotin a gurbin wani, a matsayi na 6 na furotin ɗin da wannan ƙwayar gado ke samarwa. Ba daga sama wannan sani ya faɗo ba. Vernon Ingram ne ya gano canjin a garin Kambirij na Ingila, a aikin da ya buga a 1956 da 1957. Idan bayanin gefe ya faɗi maganar ya bar takardar da ta zo da ita, mai karatu ba shi da hanyar bincikawa.

Manyan rumbunan bayanai uku ne ke riƙe da jerin haruffan nan na duniya: GenBank a Amurka, wanda aka kafa a 1982, da ENA a Ingila, da DDBJ a Japan. Kullum suna musayar abin da aka zuba musu. Bari mu buɗe fayil ɗaya na GenBank. Kafin ka isa ga haruffan, akwai layin da ya fara da kalmar REFERENCE, ga lamba 1, sannan aka rubuta daga harafi na nawa zuwa na nawa wannan madogara ta shafa. A ƙarƙashinsa AUTHORS, sunayen marubuta. TITLE, sunan takardar. JOURNAL, mujallar da shekara da shafi. Sai PUBMED, da lamba a gabansa, wato lambar takardar a PubMed, rumbun da ke lissafa takardun binciken lafiya da halittu.

Ku tsaya a kan wannan lamba, don a ganina ta fi duk sauran layukan amfani. Sunan mutum ana rubuta shi iri-iri. Mu nan mun san wannan sarai: Mahamadou a takardar haihuwa, Muhammadu a wata takarda, Mamman a gida, kuma mutum ɗaya ne. Haka sunan mujalla, wani ya rubuta shi cikakke, wani ya taƙaita. Kwamfuta ba ta san cewa abu ɗaya ba ne. Amma lambar PubMed, ko lambar DOI da mawallafa ke bai wa takarda, ba ta da tagwai. Da ita manhaja za ta je ta ɗauko takardar da kanta.

Yanzu ina wannan bayani yake zuwa idan ka karanta fayil ɗin da manhaja? A Biopython, wata manhajar nazarin halittu, kowane jeri yana zama abu guda mai ɗauke da haruffansa da sunansa da wani aljihu na bayanan gefe. A cikin aljihun nan akwai wurin da aka ware wa madogarai, a jere yadda suka zo a fayil. Kowace madogara kuma da nata gidaje: na marubuta daban, na sunan takarda daban, na mujalla daban, na lambar PubMed daban, har da na iyakar haruffan da ta shafa. BioPerl, wata manhaja irinta, ita ma kusan haka ta tsara nata. Amfanin rarraba su gida-gida shi ne kana iya cewa manhaja: cikin fayil dubu ɗin nan, fito min da waɗanda ba su da takardar da aka buga. Da a ce an dunƙule komai a jimla ɗaya an jefa a wurin sharhi, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya da ido.

Ga wani ɗan tarko. GenBank tana fara ƙidaya daga 1, Biopython kuma daga 0. Madogarar da fayil ya ce ta shafi harafi na 1 zuwa na 500, a cikin manhaja za ka ga 0 zuwa 500. Ba kuskure ba ne, amma ya sha rikita ɗalibai.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen sauya tsarin fayil. Tsarin FASTA layi ɗaya ne na suna sannan haruffa, shi ke nan. Yana da sauƙi, ba ya cin wuri, shi ya sa muke son sa a nan inda intanet ke da tsada kuma wuta ke ɗaukewa. Amma da ka mayar da fayil na GenBank zuwa FASTA, madogarai duka sun zube, kuma manhajar ba za ta yi maka gargaɗi ba. Na taɓa yin haka da tarin jeri na hatsi, na goge na asali don in samu wuri a kwamfuta. Ranar da aka tambaye ni wa ya fara bayyana ɗaya daga cikinsu, ban da amsa, sai da na koma na sake sauke su. Ku riƙa ajiye na asali. Idan ba hali, to ku bar lambar rajistar jerin a layin suna, da ita za a iya komawa rumbu.

Me ya sa na damu da abin haka? Domin yawancin bayanan gefe ba a ɗakin gwaji aka same su ba. Kwamfuta ce ke ganin sabon jeri ya yi kama da wani tsoho, sai ta kwafo masa bayanin tsohon. Idan na farkon kuskure ne, kuskuren ya yi ta haihuwa kamar jita-jitar ranar kasuwa, kowa ya ji daga wani, ba wanda ya gani da idonsa. Wani bincike da aka buga a 2009 a mujallar PLoS Computational Biology ya duba iyalai 37 na enzayim, wato furotin masu hanzarta aikin sinadarai a jiki, ya tarar cewa a rumbunan da ake cikawa ta kwamfuta kuskuren na da yawa, a wasu iyalan ma ya haura kashi 80 cikin 100, alhali a rumbun Swiss-Prot, inda mutane ke karanta takardu su tantance, kusan babu shi.

Saboda haka ne tsarin Gene Ontology na bayyana aikin ƙwayoyin gado, wanda aka fara a 1998, ba ya karɓar bayani sai da abu biyu: madogara, da alamar irin hujjar. IDA na nufin an gwada kai tsaye. IEA na nufin kwamfuta ce ta yi hasashe, ba mutumin da ya duba. Kuma masu alamar IEA su ne mafi yawa nesa ba kusa ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A 2017 aka buga taswirar gadon gero, hatsin da muke ci safe da dare, a mujallar Nature Biotechnology, a aikin da cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT ta jagoranta, wadda ke da reshe a Sadore kusa da Yamai. An lissafa ƙwayoyin gado sama da 38,000. Ɗalibar Jami'ar André Salifou da ke neman wadda ke taimaka wa hatsi jure fari, dole ta san wane bayani aka gwada a jikin shuka, wanne kuma aka aro daga shinkafa ko masara don kamanni kawai, tun kafin ta kashe damina guda a kansa.

Ranar da kuma ku da kanku za ku zuba jerin irin hatsinmu na gida a GenBank, za ku ga an buɗe muku madogara mai taken Direct Submission, da sunayenku da ranar da kuka aika da adireshin ma'aikatarku. Idan takardarku ta fito daga baya, ku koma ku sanar da rumbun, su ƙara sunan mujallar da lambar PubMed a jikin jerin. Ku masu zubawa ne ke da ikon neman wannan gyara.