'Yar karamar waya da labarin gona

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau maganar waya za mu yi, amma ba babbar nan ta shafawa ba, 'yar karamar mai tocila wadda caji daya ke kai ta kwana uku, ita ce a aljihun mafi yawan manomanmu, kuma da ita ake son aika musu bayanin gona.

Dalili kuwa a fili yake. Malamin gona daya ne, kauyukan da ke kansa ba su kirguwa, ga babur ba mai, kafin ya zagayo garinku tsutsa ta gama da masara. Ita kuwa waya ko kana tsakiyar kunya za ta same ka.

To ta yaya sakon ke zuwa? Na farko tes. A 2012 lokacin Akinwumi Adesina na ministan noma a Najeriya aka kawo tsarin tallafin taki da ake kira GES, manomi ya yi rajista da lambarsa, sai tes ya shigo cewa je wuri kaza ka karbi buhu biyu na taki a rabin kudi, wato dai an so a tsallake masu karkatar da takin tallafi ne. Wasu sun samu kam, wasu kuma ba sabis a garinsu, wani ma tes din ya shigo amma sai ya jira yaronsa ya dawo makaranta ya karanta masa, in da Turanci aka rubuto kuma shikenan an sake komawa baya.

Shi ya sa ni a wajena murya ta fi. Ku duba Habasha, a 2014 suka bude layin 8028, kyauta ne, manomi ya kira ya danna lamba ya zabi yarensa, ya zabi amfanin da yake nomawa, sai ya saurari bayanin gyaran gona da lokacin shuka da yadda ake zuba taki, in bai gane ba ya sake kira ba mai yi masa tsawa. Ba sai ka iya karatu ba, ba sai kana da data ba. Dattijon da bai taba bude tes ba ya iya amsa kira ai.

Sai maganar ruwa. Duk shekara hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, na fitar da hasashen damina, yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai dauke, ina ake tsoron tsaikon ruwa a tsakiya. Bayanin nan in ya tsaya a dakin taro a Abuja bai amfani kowa ba. Wanda ke bukatarsa shi ne mutumin da ruwan farko ya rude shi ya zuba irin da ya ciwo bashi ya saya, sai sama ta yi shiru sati biyu iri ya kone a kasa. Hasashe dai hasashe ne, Allah ne mai saukar da ruwa, amma wanda aka ce masa dan dakata ya fi wanda ba a ce masa komai ba.

Farashi ma haka. Wata mai bincike Jenny Aker ta bi kasuwannin hatsi a Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da sabis ke shiga gari bayan gari, ta gano bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin dari. Sai dai fa a lokacin 'yan kasuwa ne suka fi rike wayar. Yanzu kai ma za ka iya buga wa dan uwa a Dawanau ko Maradi ka ji nawa buhun gero kafin dillali ya yi maka sallama.

Abu daya da zan ja kunne, 'yan damfara ma sun gano hanyar. Za a kira ka a ce an zabe ka a tallafin taki, turo BVN ko lambar sirrin katinka ko ka karanto lambar da ta shigo maka yanzu. Kar ka bayar, kashe wayar ka je ka tambayi malamin gona ko shugaban kungiyarku ta manoma tukuna.