Amsoshin Tambayoyinku: Ina ƙwararrun likitoci suke a arewacin Kamaru?

Mai gabatarwa: Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa daga nan Garwa. Kusan duk wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan magana guda, wato wahalar samun ƙwararren likita, shi ya sa muka gayyato wani likita da ya daɗe yana aiki a asibitocin gundumomin arewa. Lokaci kaɗan gare mu, don haka za mu fara da gajerun tambayoyi.

Wani ɗalibi daga Gider yana son ya san shekara nawa ake yi kafin a zama likita. A Kamaru shekara 7 ake yi, sannan mai neman ƙwarewa a fanni guda, kamar tiyata ko cututtukan yara, ya ƙara shekara 4 ko 5. Ɗana, ka riƙe darussan kimiyya da kyau, muna jiranka a nan gida.

Wata baiwar Allah daga Ngaundere ta tambaya ko ana yin tiyatar zuciya a ƙasar nan. Ana yi, kuma cibiyar da ta fi suna ita ce ta Shisong a yankin Arewa maso Yamma, wadda aka buɗe a 2009, amma saboda rikicin da ke yankin, kada ki kama hanya sai da shawarar likitan da ke duba ki.

Yanzu ga tambayar da ta fi yawa, domin irinta ta zo mana daga Yaguwa da Tibati da Mokolo. Wata 'yar'uwa daga Mora ta rubuto cewa mahaifiyarta na fama da ciwon daji na nono, an duba ta, an ce a kai ta Duwala a yi mata gashi da na'ura, wato a haska wa wurin haske mai kashe ƙwayoyin dajin. Tana tambaya: me ya sa duk cutar da ta yi tsanani sai an tura mutum kudu, alhali ga manyan gine-ginen asibiti a Marwa da Garwa? Likita, bismillah.

Likita: Allah ya ba wa mahaifiyarta lafiya. Gini daban, ma'aikaci daban. Tun 1969 da aka buɗe makarantar likitoci ta farko a Yawunde, a can malamai suke, a can manyan asibitocin koyarwa suke, kuma a can ake karatun ƙwarewa. Yaron da ya bar Kaele yana ɗan shekara 18, ya yi fiye da shekara 10 a Yawunde, ya yi aure a can, 'ya'yansa suka shiga makaranta a can, da wuya ya tattara ya dawo. Sannan ƙwararren likita ba ya aiki shi kaɗai. Likitan tiyata yana bukatar mai sa barci, da jini a ajiye, da wutar lantarki wadda ba za ta ɗauke ana tsakiyar aiki ba, da ɗakin gwaje-gwaje. Idan babu waɗannan, hannunsa a ɗaure yake ko da an turo shi. Akwai kuma maganar samu, domin a Duwala yana iya tashi daga aikin gwamnati ya duba marasa lafiya a asibiti mai zaman kansa, abin da babu shi a ƙauye. Wasu kuma sun tafi Faransa da Beljiyam da Kanada. Ga rashin tsaro, wanda tun 2014 ya sa aka rufe ɗakunan shan magani da dama a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne zazzabin cizon sauro a damina, da yaran da ake kawo mana jininsu ya ƙare, domin da iyaye suna kafa gidan sauro...

Mai gabatarwa: Likita, a gafarce ni, sauro yana da ranarsa. 'Yar'uwarmu ta Mora tana jiran ta ji abin da za ta yi.

Likita: Gaskiya ne. Gashi da na'ura yana bukatar na'ura mai tsada da ƙwararrun da suka iya auna ƙarfin haskenta, kuma Babban Asibitin Duwala ya daɗe yana wannan aiki. Ta karɓi takardar turawa daga likitan da ya duba mahaifiyar, ta haɗa sakamakon duk gwaje-gwaje, musamman na tsokar da aka yanka aka auna, kuma ta roƙi likitan ya kira can ya tabbatar na'urar tana aiki, ya karɓar musu rana.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, domin a nan mutanenmu suke yin asara. Takardar turawa, da sakamakon gwaji, da ranar da aka tsayar, kafin a sayi tikiti. Daga Mora zuwa Marwa, zuwa Garwa, a hau dutsen Mbe zuwa Ngaundere, a kwana cikin jirgin ƙasa zuwa Yawunde, sannan a nufi Duwala, tafiyar ta haura kilomita 1,000 nesa ba kusa ba. Bai kamata magidanci ya sayar da saniya, ya ɗauki mara lafiya wannan tafiya, ya isa a ce masa ya dawo bayan wata biyu ba. Kuma ku mata, don Allah ku daina ɓoye ƙullutu a nono har sai ya fashe saboda kunya. A fara da ɗakin shan magani na unguwa, shi zai tura asibitin gunduma, shi kuma ya tura na yanki.

Ra'ayina a nan shi ne, tunda yanzu akwai tsangayar koyon aikin likita a Garwa, ƙarƙashin jami'ar da aka kafa a 2022, ya kamata hukuma ta ƙarfafa karatun ƙwarewa a nan, ta kuma ba wanda ya yarda ya zauna a Mora ko Cholire gida da alawus na musamman. A rahotonta na 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Kamaru cikin ƙasashe 57 masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya, kuma ɗan abin da ake da shi bai rabu daidai ba. Iyayen da ke ƙin namiji ya duba matansu, su ne ya fi kamata su bar 'ya'yansu mata su karanta aikin likita da ungozoma.

Baba daga Kusiri, wasiƙarka ta kusa zama littafi, Allah ya ƙara wa alƙalami albarka. Tambayarka ita ce ko laifi ne ka tsallaka gadar Ngeli ka ga likita a Njamena. Babu laifi, domin ta fi maka Marwa kusa ƙwarai, sai dai ka riƙe takardunka na shaida da littafin asibiti, ka kuma kawo wa likitanka na gida abin da aka rubuta maka.

Mai tambaya a kan wankin ƙoda daga Figil, ana yi a Garwa da Marwa da Ngaundere, kuma tun 2023 kuɗin rajistar ya koma sefa 15,000 a shekara, a maimakon 5,000 a kowane zama. Wasiƙun da suka shafi taɓin hankali da ciwon ido mun ajiye su sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Likita, mun gode.