St. Augustine: ƙaramin garin Fulorida mai ɗauke da sunan ɗan Afirka

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau na tashi da sassafe na baro Jacksonville, tafiyar kamar awa ɗaya a mota, ga ni yanzu a St. Augustine, a gabar tekun Atlantika cikin jihar Fulorida. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, bakin ruwa nake tsaye kuma iskar nan ba ta da niyyar lafawa.

To bari in ɗaga kyamara sama, ku duba abin nan da ke bayana. Kun gan shi? Gicciye ne na ƙarfen da ba ya tsatsa, tsayinsa ƙafa 208, wallahi sai da na ja da baya sosai kafin ya shiga cikin hoto gaba ɗaya, in rana ta doke shi ƙyallin har ido yake kashewa. An kafa shi ne don cikar shekara 400 da kafa garin nan, wato bikin 1965, a filin da ake kira Mission Nombre de Dios, inda ake cewa nan ne Turawan Sifaniya suka sauka ranar 8 ga Satumba 1565. Mutanen garin nan ba su kai dubu ashirin ba fa, ƙaramin gari ne, amma duk jihohin Amurka babu garin da Turawa suka kafa da ya kai shi daɗewa ana zaune a cikinsa ba yankewa. Jamestown ɗin da Ingilishi suka kafa sai a 1607, shekara 42 bayan wannan.

Amma abin da ya kawo ni shi ne sunan. Tun da na fara jin St. Augustine na ɗauka ai wani Bature ne kawai, ban taɓa tsayawa na tambaya ba, sai da na zauna na karanta sannan jikina ya yi sanyi.

Ga yadda abin yake. Sarkin Sifaniya Felipe na biyu ya turo wani kwamandan jiragen ruwa mai suna Pedro Menéndez de Avilés da mutum kusan 800, su zo su kafa zango su kuma kori Faransawa da suka riga suka gina sansani a arewa da nan mai suna Fort Caroline. Ranar da suka fara hango ƙasa ita ce 28 ga Agusta 1565, kuma a kalandar cocin Katolika wannan rana ta waliyyinsu Augustine ce, sabida a irin ranar ya rasu, shi kenan sai Menéndez ya ce sunan wurin San Agustín.

To waye Augustine ɗin? Nan fa nake so ku saurara da kyau. An haife shi a shekara ta 354 a wani gari da ake kira Tagaste, wanda yau shi ne Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Ya yi karatu a Kartej, can wajen Tunis ta yanzu, ya zama bishof na garin Hippo wato Annaba, nan ya rasu a 430 lokacin da mayaƙan Vandal, wata ƙabila daga Turai, suka yi wa garin ƙawanya. Kun gani ko, ɗan Afirka ne, a Afirka aka haife shi a Afirka ya rasu, bai taɓa sanin akwai wata ƙasa a wannan ɓangaren teku ba, amma yau sunansa ne a jikin motar 'yan sandan garin nan da allon kan hanya da komai. Mahaifiyarsa ma, Monika, ita ce aka sa wa Santa Monica ta Kalifoniya sunanta. Uwa a gabar yamma ɗa a gabar gabas, ikon Allah.

Yanzu ku kalli ruwan nan da ke gabana, ya kwanta shiru, ga fadama ga tsuntsaye farare suna kiwo a bakin ciyawa, ga 'yan kwale-kwale can nesa. Sunansa Matanzas. Daɗin faɗa gare shi amma da Sifaniyanci ma'anarsa kashe-kashe, domin a mashigin ruwan nan daga kudu ne Menéndez ya sa aka karkashe Faransawan da guguwa ta farfasa musu jirage suka miƙa wuya, a cikin wannan shekarar ta 1565. Gaskiya da na san haka kallon ruwan ya canja mini. Kuma kar mu manta ba daji suka tarar ba, akwai 'yan asalin ƙasar, mutanen Timucua, da ƙauyensu Seloy a daidai wannan yanki, su suka karɓi baƙin, cututtuka da yaƙe-yaƙe suka cinye su har yau babu al'ummar, wannan abin yana taɓa mini zuciya ƙwarai.

Garin ya sha canjin hannu, Ingila ta karɓa a 1763, ya koma wa Sifaniya a 1783, sannan Amurka a 1821, amma sunan bai gushe ba, sai dai ya koma bakin Ingilishi. A 2015 da suka yi bikin shekara 450 har Sarki Felipe na shida ya zo da kansa daga Sifaniya.

Ɗazu na tsaya na gaisa da wata dattijuwa da ke zaune a benci tana kallon ruwa, na ce mata Mama kin san mai sunan garin nan daga Aljeriya yake, ta yi murmushi ta ce ta san daga Arewacin Afirka yake tun tana makarantar coci, ta tambaye ni ko na je Fort Mose. Na ce can na nufa.

Fort Mose ɗin nan mil biyu ne kacal arewa da inda nake. A 1738 gwamnan Sifaniya ya ba bayin da suka gudo daga gonakin Karolina wuri su zauna a matsayin 'yantattu, da sharaɗin su shiga Katolika mazansu kuma su riƙe bindiga su tsare garin, shi ne gari na farko na baƙaƙen fata 'yantattu da hukuma ta amince da shi a ƙasar da yau ake kira Amurka. Shugaban dakarunsu Francisco Menéndez, ba Menéndez ɗin ɗazu ba fa, wannan Bamandinke ne daga Afirka ta Yamma, an kamo shi aka sayar, ya gudu ya ratso fadamu har nan. Ina so in taka wannan ƙasar da ƙafata in nuna muku.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas, ruwan Fulorida kuma ba ya sallama, bari in tattara kayana in yi sauri in kama hanya kafin ya sauko. Ku biyo ni, mu haɗu a Fort Mose in sha Allahu.