Na je kallon tsofaffin jirage a Prag, sai ga kewar Kano

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da ƙarar iska, a fili nake tsaye. Nan Kbely ne, gidan tarihin jiragen sama da ke gefen birnin Prag a ƙasar Cek. Shiga kyauta, ko sisi ban biya ba. Wannan kofin ne ma ya cinye mini kuruna 70 na kuɗin ƙasar, alhali ko ƙafar shayin bakin layinmu bai kama ba.

Bari in matso da kyamara. Kun ga ɗan jirgin nan mai jela kamar harafin T? Wallahi ina hango shi sai da tsigar jikina ta tashi. L-29 ke nan, Delfin, sunan da na fara ji a bakin Baba ina ɗan firamare. Ni duk zatona wani dodo ne. Ashe jirgin makaranta ne! Ku leƙa ciki: kujera biyu, ɗalibi a gaba, malami a baya an ɗan ɗaga masa tasa don ya riƙa hango abin da yaro ke yi. Fukafukansa a miƙe, ba ya da fitina, ko a kan ciyawa sauka yake.

Kamfanin Aero na nan ƙasar ne ya ƙera shi, ya fara tashi a 1959. A 1961 aka haɗa shi gasa da Yak-30 na Rasha da Iskra na Folan, ya kayar da su. Ku ji fa, ƙaramar ƙasa ta doke uban gidanta, har Tarayyar Sobiyat ta saye fiye da 2,000. 'Yan Folan dai suka ce su nasu ya ishe su. Sama da 3,500 aka ƙera kafin a tsaya a 1974.

To mu kuma a 1967, da yaƙin basasa ya ɓarke, Amurka da Ingila suka ƙi ba mu jiragen yaƙi, sai gwamnatin Gowon ta juya gabas. Jiragen yaƙin Sobiyat MiG-17 suka sauka a Kano, Delfin ma ya iso Najeriya, aka ɗaura masa rokoki. Jirgin koyon tuƙi ya koma kai hari. Wannan ɓangaren kam ba na jin daɗinsa, mutane ne a ƙasa.

Af, kafin in manta, a rumfar can ciki akwai S-92. Jirgin yaƙin Jamus ne Me 262 sak, Cekawa suka harhaɗa da kayan da Jamusawa suka bari bayan yaƙin duniya na biyu. Guda 12 kacal, har da 3 masu kujera biyu na koyarwa, kuma zuwa 1951 an ajiye su. Injinsa da ƙyar yake yin awa 25 kafin a sauke shi. Ko janareton gidanmu ya fi shi kunya.

Wancan mai tsinin hanci kuma L-39 Albatros ne, magajin Delfin. Duk wanda ya zauna kusa da filin jirgi a Kano ya san kukansa, da shi ake koyar da matuƙanmu. Ni nan da kuke gani ya sha tashina daga barcin rana.

Gargaɗina: kar ka kuskura ka zo da hunturu, a rufe suke, sai daga Mayu zuwa Oktoba. Na taɓa yin wannan wautar, na sauka a tashar Letňany, na hau bas, na tarar da ƙofa a garƙame, sanyi kamar zai tsinke mini kunne. Batirina saura kashi 4, bari in ruga wajen MiG-15 ɗin can.