Tsutsa a jikin kaza: ɗaga jela ki duba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena mata, yayyena, da malaman da ke zaune can baya, sannunku da haƙurin wannan zafi. Na baya kuna jina? To, madalla. Abubuwa huɗu na zo da su a kan tsutsar da ke cin jikin kaza: yadda ake gane ta, inda take fitowa, yadda ake magani, da yadda ake kiyayewa.

Na farko, ganewa. Kaza tana ɓoye ciwo, domin a cikin 'yan uwanta wadda ta nuna rauni ita ake sara. Sai ki ga ta ware a lungu, ta daina tono, fukafukai sun saki, tana yawan kai baki gindinta. Ƙudaje na binta duk inda ta yi. Sau da yawa hancinki zai riga idonki, don warin ba ya ɓuya. Ki kama ta, ki ɗaga jela, ki buɗe gashin da ke kewaye da dubura. Nan ne aka fi samunta, musamman in kaza ta yi zawo ko farin kashi ya manne a gashi. Sai bayanta da ƙarƙashin fiffike, inda farcen zakara ke yagewa, sai raunin da muzuru ko shaho ya bari. Kaza mai kwanci ma a riƙa dubawa, ita da ba ta motsi, kuma wani lokaci ƙwai kan fashe a ƙarƙashinta.

Na biyu, daga ina? Nan kam ku yi mini haƙuri, nan ne nake jin daɗi. Mutane da yawa sun ɗauka ciwo ne da kansa yake haifar tsutsa in ya ruɓe. Ba haka ba ne. Duk tsutsar da kika gani, uwarta ƙuda ce. Kuma galibi ba wannan baƙin ƙudan na kwanon tuwo ba, a'a, mai ƙiban nan mai sheƙi, kore ko shuɗi, wanda kuke gani a mahauta da Kara, kasuwar dabbobi, wanda ke cika gida kwana biyu bayan layya in an bar jini da kayan tumbi a fili. Macen takan zuba ƙwai ɗari da wani abu a zama ɗaya, farare, a dunƙule kamar garin rogo ya manne a gashi. A irin ɗuminmu na Sakkwato, ba ya cika kwana guda sai ya ƙyanƙyashe. Ku riƙe wannan, ba ya cika kwana guda. Ƙuda ya sauka da hantsi, kafin hantsin gobe tsutsa tana ci. Ta yi 'yan kwanaki tana ci tana girma, sannan ta faɗo ƙasa, ta shige cikin turɓaya, ta fito a matsayin sabon ƙuda. Wato ƙasan akurkinki ne ɗakin haihuwa. Shi ya sa da damina, daga Yuni zuwa Satumba, abin ya fi ƙamari: ga ɗumi, ga laima, ga kashin kaji a jiƙe.

Wannan magana ma tsohuwa ce. A 1668 wani likita a Italiya, Francesco Redi, ya sa nama a kwalabe, wasu ya bar su a buɗe, wasu ya rufe bakinsu da ƙyalle mai shara-shara. Na buɗe suka yi tsutsa. Naman da aka rufe bai yi ba, ƙudaje sai dai su zuba ƙwansu a kan ƙyallen. To Inna, mene ne bambancin ƙyallen nan da tsohon gidan sauron da ke jibge a ɗakinki? (dariya) Za mu dawo kansa.

Kuma ƙudajen ba iri ɗaya ba ne. Wasu tsutsarsu ruɓaɓɓen nama kawai take so, har a wasu asibitocin Turai da Amurka ana kiwonta da tsafta a sa wa mutum a gyambo ta share masa. Ga Malam can ya yamutsa fuska, wallahi gaskiya ne. Amma akwai mai cin lafiyayyen nama, mai haƙa rami ta nutsa kai ƙasa kamar kusa, kuma muna da irinta a Afirka. Akwai 'yar uwarta ta nahiyar Amurka da ta ɓulla a Libiya a 1988, ta afka wa tumaki. Kun san yadda aka kashe ta? Macen wannan ƙudan sau ɗaya take barbara a rayuwarta. Sai aka riƙa kiwon ƙudajen a masana'anta a Meziko, a haska musu wani haske mai kashe ƙwayar haihuwa, a loda su a jirgin sama, a kawo a watsa a Libiya, miliyoyi duk mako. Macen da ta haɗu da irin wannan namijin, ƙwanta ba zai ƙyanƙyashe ba, kuma ba ta da zagaye na biyu. Kafin ƙarshen 1991 an daina ganin ciwon. Ƙuda ya hau jirgi ya ƙetare teku, ni da ke gabanku ko Abuja a mota nake zuwa. (dariya) Abin da nake so ku ɗauka, ba a ci wannan yaƙin ba sai da aka san agogon ƙuda, wato yadda rayuwarsa ke tafiya. Ke ma agogon za ki bi.

An ɗago mini hannu, wai lokaci. To na huɗu, magani. Na uku ne? To, na uku, Allah ya saka.

Ki tafasa ruwa ya huce ya koma ɗumi. Rabin lita, wato cikin ledar fiya wata guda, ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri. Ki haɗa yadda zai isa roba, ki tsoma gindin kazar kamar minti goma, kanta a waje. Za ki ga tsutsa tana tasowa. Ki sa almakashi ki datse gashin da ke kewaye, kada ki fige, fatar ta riga ta yi laushi. Sannan ki zauna da hantsaki ki tsince su ɗaya bayan ɗaya. Sirinji marar allura, ki zuƙi ruwan gishirin ki feshe cikin ramukan. Wadda ta maƙale a ciki, ki toshe bakin ramin da Vaseline. Tsutsa ta bayanta take numfashi, in iska ta yanke mata za ta leƙo. Sai aidin, a surka shi da ruwa har ya koma kalar shayi marar ƙarfi, a wanke ciwon. Ki tsane ta sosai, ki sa ta a kwando ita kaɗai, ki lulluɓe da gidan sauron nan, ga ruwa ga tsaba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a wanke sau ɗaya a ce an gama. Ƙwan da ba ki gani ba fa? Gobe zai fashe. Saboda haka safe da yamma, kwana uku ko huɗu, sai kin duba sau biyu a jere ba ki ga komai ba.

Don Allah, ban da fiya-fiya, ban da kananzir, ban da baƙin mai. Ni kaina ina yaro na ɗiga wa kazar kakata fiya-fiya, tsutsa ta mutu, kafin magariba kazar ta bi ta, ni kuma na sha bulala. Guba ce, ta cikin ciwon take shiga jini. In ciwon ya yi zurfi ko dubura ta zazzago waje, a kai wa likitan dabbobi, muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a garin nan. Shi zai san allurar da ta dace.

Na'am Hajiya, bismillah.

(Wata dattijuwa: Ɗana, in wagga kaza ta ƙi tashi, ana yanka ta a ci? Kuma tsutsar da munka hidda, ba sai a watsa ma 'yan tsaki ba?)

Hajiya, kin yi tambayar da ta fi laccar. Ta nama tukuna. In an yi mata allura ko ta sha magani, akwai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da ba a cin namanta ko ƙwanta, a tambayi likita. In tsutsa ta huda ta shiga cikin ciki, nama ya yi baƙi yana wari, wannan ba ta tashi. A yanka ta don a hutar da ita, amma ba ta tukunya ba ce. A haƙa rami mai zurfi a binne, kada a jefa bola ko bayan katanga.

Dalilin binnewar shi ne amsar tambayarki ta biyu. Akwai wata ƙwayar cuta da ke yin guba a cikin mushe. Tsutsa tana cin gubar ba ta mutuwa, sai ta tara ta a jikinta. Kaza ta zo ta tsattsage tsutsar, bayan wasu awoyi ko kwana ɗaya sai ƙafafu su saki, fukafukai su saki, wuya ya langaɓe ta kasa ɗaga kai. Ki rasa kaza ɗaya da tsutsa, ki rasa biyar da kwaɗayi. Saboda haka wadda kika tsince, ki zuba mata tafasasshen ruwa ko ki juye a murhu, kada 'yan tsaki su gani.

Ga shi an kira la'asar, ban taɓo kiyayewa ba. A riƙa share akurki, a zuba busasshen yashi, sauran sai wani zama. Yarinyar da ta zo da kaza a kwali, kawo ta nan gaba bayan salla, a samo mana ruwan ɗumi da gishiri mu yi a gaban kowa.